Maison du Peuple: Abin da Ya Kamata Mu Sani Kafin Mu Kama Hayar Gidan Jama'a

Duk wanda ya taɓa shiga kwamitin shirya taro a wannan gari namu na Wagadugu ya san inda gardama take fara zafi. Ba a cika daɗewa a kan waɗanda za a gayyata ba, maganar abinci kuwa iyayenmu mata kan gama da ita a zama ɗaya. Amma da an zo kan tambayar inda za a yi taron, sai ka ga dattawa sun gyara zama. Wani ya ce a kafa rumfa a ƙofar masallaci kamar yadda aka saba, wani ya ce ai yanzu babu ƙofar masallacin da take kusa da kowa. Can sai wani matashi ya ce me zai hana a kama Maison du Peuple. Daga nan sai a rabu biyu: masu ganin wannan gida ya fi ƙarfinmu, da masu ganin tun da sunansa Gidan Jama'a, ai mu ma jama'a ne.

To, mai karatu, a wannan wata mun ga ya dace mu tsaya a kan wannan gida, mu duba tarihinsa, da irin taron da ya dace da shi, da yadda ake neman hayarsa, da kuma haƙƙin da ke kan wanda ya shiga cikinsa. Kuɗin da ake kashewa a irin wannan haya gumin talakawa ne da aka tara dala-dala, saboda haka bai kamata a shiga da ka ba.

LOKACIN DA TITI YAKE ZAURENMU

Kakanninmu ba su san hayar wurin taro ba. Fatake ne da suka riƙa ratsa ƙasar Mosi da jakuna a kan hanyar goro tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja, tun kafin sojojin Faransa su shigo Wagadugu a 1896. Inda suka yada zango nan ya zama unguwa, har Mosawa suka sa mata suna Zangwetin, wato unguwar Hausawa. A nan aka yi masallatai da makarantun allo, a nan baƙo daga Kano ko Sakkwato ko Maraɗi yake sauka ya sami mai masauki.

A wancan zamani, in aure ya tashi ko suna ko saukar karatu, abin da ake bukata bai wuce tabarmi da bencina da izinin maƙwabta ba. A tare bakin layi, a share, a yayyafa ruwa, shi ke nan zaure ya samu. Ba a buga katin gayyata, domin wanda za a gayyata yana jin guɗa daga ɗakinsa.

Wannan zama ya ƙare da zuwan shirin ZACA. A shekarar 2000 gwamnati ta yanke shawarar faɗaɗa yankin kasuwanci da ofisoshi na tsakiyar gari, shirin ya ci kimanin hekta 85, ya haɗa da Zangwetin da Tiedpalogo da Peuloghin da wani sashe na Koulouba. An yi ja-in-ja sosai, amma zuwa ƙarshen 2003 gidaje sun faɗi, mutum fiye da 12,000 suka tashi. Wasu aka ba su filaye a gefen Ouaga 2000, wasu a Nioko, wasu kuma kowa ya nufi inda ƙarfinsa ya kai shi. Mutanen da dā katanga ɗaya ta raba su, yanzu sai an sha mai a babur kafin a gaisa.

Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. To amma ƙafar tana bukatar inda za ta nufa. Tun da aka watse, duk babban taron da ake so na kudu da na arewa da na yamma su halarta, tilas a nemi wuri a tsakiya wanda kowa ya sani, wanda ba na gidan wane ba ne balle a ce an fifita wani ɓangare. Wannan shi ya sa sunan Maison du Peuple yake yawan faɗowa a bakin 'yan kwamiti.

DAGA GIDAN JAM'IYYA ZUWA GIDAN JAMA'A

An buɗe wannan gida a 1965, shekara biyar bayan ƙasar nan ta sami 'yancin kai ranar 5 ga Agusta 1960, lokacin ana kiranta Haute-Volta. Wani Bafaranshe mai zanen gini, René Faublée, shi ya tsara shi. Sunansa na farko Maison du Parti, wato Gidan Jam'iyya, domin Shugaba Maurice Yaméogo ya gina shi ne don jam'iyyarsa ta UDV-RDA, wadda a lokacin ita kaɗai ce ke da bakin magana a ƙasa.

Sai dai mai ginin bai daɗe yana jin daɗinsa ba. A ƙarshen 1965 gwamnati ta fito da kasafin tsuke bakin aljihu wanda zai zabge kashi 20 cikin ɗari na albashin ma'aikata. Ƙungiyoyin ƙwadago suka ƙi, ranar 3 ga Janairu 1966 jama'a suka cika tituna, kafin gari ya waye Yaméogo ya sauka, Laftanar-Kanar Sangoulé Lamizana ya karɓi mulki. Bayan haka ne gidan ya koma Maison du Peuple. Mutanen da aka gina shi da harajinsu suka wayi gari sunansu ne a kansa.

Abin mamaki, shi kansa Lamizana, wanda ya yi mulki har zuwa Nuwamba 1980, a wannan zaure aka gurfanar da shi. Ranar 3 ga Janairu 1984, zamanin Kyaftin Thomas Sankara, aka buɗe zaman farko na kotunan jama'a na juyin juya hali a Maison du Peuple, ana watsa shari'ar ta gidan rediyo. An tuhumi tsohon Janar ɗin a kan kuɗin asusu na musamman kimanin sefa miliyan 400. Ya yi bayanin cewa mabukata ya riƙa taimaka wa da su, shaidu kuma suka yi ta tashi suna faɗin abin da ya yi musu. Kotu ta sallame shi, ya koma gidansa da mutuncinsa, ya rayu har zuwa 2005.

A nan ne kuma, a watan Fabrairu 1987, Sankara da kansa ya tsaya gaban hukumar hana cin hanci ya lissafa abin da ya mallaka, har da kekuna da gita da firji. Haka nan bayan boren da ya kori Blaise Compaoré ranar 31 ga Oktoba 2014, a wannan gida sojoji da 'yan siyasa da ƙungiyoyin farar hula da shugabannin addini da na gargajiya suka sa hannu a kan kundin mulkin riƙon ƙwarya ranar 16 ga Nuwamba 2014, washegari aka sanar da Michel Kafando a matsayin shugaban riƙo.

Tsakanin waɗannan manyan ranaku kuwa, gidan ya ga mawaƙa da 'yan wasan kwaikwayo, ya ga tarukan ƙungiyoyi da na addini, harabarsa kuma ta sha cika da rumfunan 'yan kasuwa a lokacin bikin finafinai na FESPACO, wanda aka fara a 1969. Ke nan wanda ya kama hayar wannan wuri, ya sani cewa dandamalin da malaminsa ko mawaƙinsa zai hau, shugabannin ƙasa sun tsaya a kansa, wasu suna ba da umarni, wasu suna amsa tambaya.

GININ KANSA

Babban zauren yana ɗaukar mutum 2,500. Bayan shi akwai ƙananan ɗakuna da farfajiyoyi da wuraren cin abinci. Da kankare aka yi shi, amma launinsa da fuskar bangonsa an yi su ne su tuna wa mai kallo ginin ƙasa irin na gargajiya. Abin da ya fi ɗaukar ido shi ne hasumiyoyin nan da ke bisa rufi, masu kama da ɗakunan Mosawa. Suna da aiki bayan ado: ta nan haske yake shigowa, ta nan kuma iska mai zafi take fita, tun da ita zafaffiyar iska sama take yi. Dabara ce irin ta maginanmu na dā da suke barin taga ƙarama can sama kusa da azara.

Mutane da yawa suna zaton ginin kankare ba ya tsufa, alhali kuwa yana da tasa cutar. A cikin kankare akwai rodi. In rufi ya tsage, ruwan damina yakan bi tsagar ya kai ga rodin, rodin ya yi tsatsa. Ƙarfen da ya yi tsatsa kumbura yake yi, sai ya tura kankaren da ke lulluɓe da shi har ya ɓantare, tsagar ta ƙara faɗi, ruwan baɗi ya sami hanya mafi sauƙi. Zafin rana da sanyin dare su ma suna sa gini ya miƙe ya tsuke kullum. Gidan da ya haura shekara 60 yana shan wannan, dole ya gaji in ba a bi shi da gyara.

Saboda haka ne a 2022 wata ƙungiya mai kula da gine-ginen tarihi ta duniya, World Monuments Fund, mai mazauni a New York ta Amurka, ta sa Maison du Peuple cikin jerin wurare 25 na duniya da ta ce suna bukatar kulawa cikin gaggawa, saboda lalacewar da ta same shi da ƙarancin gyara. Ita ma wannan ƙungiya a 1965 aka kafa ta, sa'ar gidan ce.

WANE TARO NE YA DACE DA SHI?

Kuskure na farko da kwamiti kan yi shi ne kama wuri don suna. Zauren mutum 2,500 in aka zuba masa mutum 300, sai taro ya zama kamar an watsa gero a fili: mai magana yana jin amsa-kuwwar muryarsa, baƙon da aka gayyato yana ƙirga kujerun da babu kowa, a tashi ana cewa taro bai yi armashi ba, alhali da a ƙaramin wuri aka yi da cewa za a yi an cika maƙil. Kayan aro ba ya rufe katara.

Abin da ya dace da babban zaure shi ne taron da ya tara al'umma gaba ɗaya: ranar al'adun Hausawa, ko rufe musabaƙar karatun Alƙur'ani, ko wa'azin babban malami da ya zo daga nesa, ko wasan mawaƙin da Hausawa da Zabarmawa da Fulani da Yarabawan gari duk za su so gani, ko gidauniyar gina makaranta. Walimar aure da suna da taron wata-wata na ƙungiya, waɗannan ƙaramin ɗaki ya ishe su, ko a cikin gidan ko a wani wuri.

Kuma ba shi kaɗai ne wurin taro a gari ba. Akwai zauren CENASA, akwai rumfunan SIAO, akwai Palais de la Jeunesse et de la Culture Jean-Pierre Guingané, akwai lambun kiɗa na Reemdoogo, ga kuma Palais des Sports na Ouaga 2000 in taron ya fi ƙarfin ko'ina. Fifikon Maison du Peuple shi ne yana tsakiyar gari, kusa da babban dandalin ƙasa da kasuwar Rood Woko, ba ya bukatar kwatance, kuma tsohuwar da ba ta da abin hawa za ta sami tasi da zai kai ta. Kwamiti mai hankali yakan zaga wuri biyu ko uku ya ji farashi kafin ya tsai da magana.

Sai lokaci. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, kuma a nan ne aka fi fama da ɗaukewar wutar SONABEL. Daga Yuni zuwa Satumba duk abin da aka shirya a farfajiya yana hannun hadari. Watannin sanyi sun fi daɗin taro, amma su ne kowa yake rububi, ga bukukuwan ƙarshen shekara, ga FESPACO da yawanci yake faɗowa ƙarshen Fabrairu a shekarun da ba su rabuwa biyu. A duba kalandar Musulunci ma, kada a sa wasan kiɗa cikin azumi ko a sa taro ranar jajibirin salla.

YADDA AKE NEMA

Ba a fafe gora ranar tafiya. Wata biyu ko uku kafin ranar, a tura mutum biyu, ɗaya mai jin Faransanci sosai, su je ofishin masu kula da gidan da ƙafarsu. Kada a bi ta hannun ɗan tsakiya mai cewa ya san wani a ciki. Aikin zuwan farko shi ne a ji ko ranar tana nan, a karɓi farashi a rubuce, a tambayi takardun da ake bukata, sannan a roƙi a buɗe musu su ga wurin da idonsu. Gani ya kori ji: a hau dandamali, a kunna fitilu, a leƙa makewayi, a murɗa famfo, a ƙirga ƙofofi, a duba abin da ke harabar da irin sana'ar da ake yi a cikinta, domin in taron addini ne a san ta inda za a bi da malamai da mata.

Daga nan sai takardar neman izini. Ko da yake gyaran tsarin mulki na ƙarshen 2023 ya ɗaga harsunan ƙasa ya bar Faransanci a matsayin harshen aiki, takardun ofis da shi ake rubuta su. A bayyana sunan ƙungiya, da irin taron, da rana, da sa'ar farawa da ta tashi, da yawan mutanen da ake sa rai. In an nemi tambur, wato kan sarki, a manna. Ƙungiyar da take da takardar shaidar rajista ta fi samun sauƙi, domin da sunanta za a yi komai. Wadda ba ta da ita kuwa, mutum ɗaya ne zai sa hannu, kuma duk abin da ya lalace wuyansa za a kama. Ya kamata wanda zai sa hannun ya san haka tun da wuri.

A cikin yarjejeniya akwai tambayoyin da ba a jin kunyar yin su. Kuɗin nan na sa'a nawa ne, kuma daren da za a shiga a yi shiri yana ciki? Wuta da ruwa suna ciki? In wuta ta ɗauke, akwai injin gida, kuma wa zai sayi mai? Lasifika ta gida ce ko za a zo da ita? Shara kafin taro da bayansa a kan wa take? An yarda a shigo da abinci, an yarda a sayar da kaya a haraba? Nawa ne kafin alƙalami, nawa ne kuɗin ajiya da ake riƙewa saboda ɓarna, kuma yaushe ake mayar da shi? Farashin da aka faɗa ya haɗa da harajin TVA na kashi 18 cikin ɗari ko sai an ɗora? Tambaya mafi muhimmanci kuma: tun da gidan hukuma ne, in hukuma ta bukaci zauren a ranar, me za a yi, sauya rana ko mayar da kuɗi? Duk amsar da aka bayar a sa ta a takarda. Kowane kuɗi kuma a biya shi a ofis, a karɓi rasit mai hatimi, a yi masa hoto a ajiye wurin mutum biyu.

Ga wani tarko da ya sha kama mutanenmu. Mu da dala muke lissafi, Mosawa ma haka suke yi da nasu wakir, amma takarda da faran take magana. In mai karanta wa kwamiti ya ce "dubu ɗari" bai fayyace ba, wani dattijo zai ji dala dubu ɗari, wato faran 500,000, wani kuma zai ji jika ɗari, wato faran 100,000. A riƙa faɗin kowane adadi da jika, a kuma rubuta shi da lamba kowa ya gani.

Bayan masu gidan akwai wasu ofisoshi. Taron jama'a yana bukatar a sanar da hukumar gari tun da sauran kwanaki, a kuma sanar da 'yan sanda. Tun harin da aka kai titin Kwame Nkrumah a Janairu 2016, binciken jaka a bakin ƙofa ya zama ruwan dare, saboda haka a tanadi mata da za su binciki mata. In akwai kiɗa, ko na mawaƙi ne ko na faifai, akwai haƙƙin BBDA, ofishin kare haƙƙin mawallafa da mawaƙa. Gara a je a daidaita da su da wuri da su zo ana tsakiyar wasa.

LISSAFI KAFIN ALKAWARI

Kuɗin zaure kashi ɗaya ne kawai na abin da taro yake ci. A ɗora lasifika, da man inji, da masu gadi, da masu tsaron babura, da ruwan sha, da masaukin baƙi da kuɗin motarsu, da sanarwa a rediyo, da masu shara. In an haɗa jimla, a ƙara wani abu a kai saboda abin da ba a zata ba.

Sannan a yi lissafin shiga da rabin zaure, kada a yi da cikakke. Ga misali: in kuɗin shiga dala ɗari ne, wato faran 500, mutum 1,250 suka biya, an sami jika 625. In wannan tare da gudummawar da ta riga ta shigo hannu bai rufe jimlar ba, to taron bashi zai bari. Alkawarin attajiri kuwa ba a sa shi a lissafi sai ya zama kuɗi. Ƙungiyoyi nawa ne suka mutu, ba don rashin mutane ba, sai don bashin taro ɗaya da ya sa shugaba da ma'aji suka daina gaisawa? Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: in ƙungiya ɗaya ba za ta iya ba, biyu ko uku su haɗa, a raba kuɗi a raba sa'o'i. Bayan taro da mako ɗaya kuma a karanta wa jama'a abin da ya shiga da abin da ya fita, har da rasit.

RANAR TARO

Abu na farko rai. Kada a sayar da tikiti fiye da kujeru, kome matsin masu roƙo. Kada a sa kujeru ko tabarmi a hanyoyin da ke tsakanin layuka. Kada a kulle ƙofofin fita da kwaɗo don hana masu shigowa ta bayan fage. A sa mutum a kowace ƙofa ya tsare ta. An sha yin asarar rai a wuraren taro a duniya saboda turmutsitsi a bakin ƙofar da ta ƙi buɗuwa. Duk ɗan kwamiti ya riƙe lambar 'yan kwana-kwana, 18, da ta 'yan sanda, 17. Tsofaffi da masu juna biyu a zaunar da su kusa da ƙofa, ruwan sha kuma ya wadata.

Abu na biyu tsarinmu. Ba a gina wannan zaure da tunanin alwala da sahu ba, saboda haka kwamiti ne zai tanada: randuna ko jarkoki da butoci a waje inda ruwa zai bi ya wuce, tabarmi a inda masu gida suka nuna, a kuma gane alƙibla tun jiya. A tsara jawabai yadda salla za ta sami gurbinta. A raba wurin zaman mata da na maza tun a takarda, kuma kada a tura iyayenmu mata can ƙurya inda ba a ji, alhali su ne suka fi kowa zuba kuɗin. A fara a kan lokaci, domin sa'ar da aka ƙara bayan wa'adi kuɗi ce.

Abu na uku shi ne gidan. Kada a buga ƙusa a bango don rataya kyalle, kada a manna hotuna da gam. Igiya da sanda sun isa. Kada a hura gawayi ko a kunna gas a cikin gini. Kada mai gyaran wuta na unguwa ya buɗe akwatin lantarki ya ja waya yadda ya ga dama, sai da ma'aikacin gidan, domin tsofaffin wayoyi ba su ɗaukar kowane nauyi. Yara kada su hau kujeru da ƙafa. Masu cin goro, don Allah, a san inda za a tofar. Kafin a shiga a zaga da ma'aikacin gidan a rubuta duk abin da aka tarar a karye, bayan an tashi a sake zagawa. Wannan zagaye biyu shi ne yake dawo da kuɗin ajiya.

HAYA: MAGANI KO CUTA?

Akwai masu cewa gidan tarihi bai kamata a mai da shi wurin haya ba, domin kowane taro yana cin wani abu a jikinsa. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya. Amma duk wanda ya taɓa rufe ɗaki ya yi tafiyar shekara ya san abin da yake tararwa: gara da jemage da yoyon da babu wanda ya gani balle ya toshe. Gidan da ake shiga shi ake lura da tsagarsa.

A Ibadan ta Nijeriya, inda 'yan'uwanmu suke zaune a unguwar Sabo tun 1916, akwai Mapo Hall, zauren gari da aka gama a 1929 a kan tudun Mapo. Ya taɓa lalacewa ƙwarai, aka yi masa babban gyara, ya koma karɓar tarurruka da bukukuwa. A Kano kuwa ga Gidan Makama, wanda asalinsa ya kai zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, yau gidan adana kayan tarihi ne. Ginin ƙasa ne, abin da ya tsai da shi kuwa bai wuce yaɓe da gyaran indararo a kan kari ba. Iyayenmu sun san cewa gida ɗan bi ne, kowace shekara kafin damina sai an hau rufi. Kankare ya sa mun manta da wannan.

Ke nan haya tana zama magani in abu biyu sun haɗu: masu haya su fita su bar wuri yadda suka same shi, masu karɓar kuɗi kuma su mayar da wani kaso a jikin ginin. Na farko yana hannunmu ɗungum. Na biyu kuwa muna da bakin tambaya a kansa, cikin ladabi, a matsayinmu na 'yan ƙasa masu biyan haraji kuma masu biyan haya.

Mu da muka ga an tashi unguwa guda cikin 'yan watanni, har yaranmu suna wucewa ta wurin ba su san a nan aka yanke cibiyar iyayensu ba, mun fi kowa sanin cewa gini ba ya tsare kansa. Zangwetin ba za ta dawo ba. Amma ranar da mutanen Nioko da na Ouaga 2000 da na sauran unguwanni suka haɗu a zaure ɗaya, tsofaffin maƙwabta suka rungumi juna, yara suka ji Hausa daga lasifika a tsakiyar Wagadugu, to an yada zango ko da na yini ɗaya ne. Sai mu yi shi da lissafi, mu kuma bar wa na bayanmu gidan a tsaye.

Allah Ya ba ƙasarmu zaman lafiya, Ya ƙara haɗa kanmu, Ya sa mu taru lafiya mu watse lafiya. Amin.